Taliya da naman shanu a kasko ɗaya: me ke sa naman ya yi tauri, taliyar kuma ta caɓe?

Tambaya: Ina tashi daga wurin aiki ƙarfe 5, kafin in isa gida magariba ta kawo jiki. Mu biyar ne a gidan. Ina son in riƙa haɗa taliya da naman shanu a tukunya ɗaya don in samu sauƙin lokaci da wanke-wanke, amma duk sanda na gwada, ko naman ya ƙi nuna, ko taliyar ta caɓe, ko gindin tukunyar ya kama. Ina gyaran yake?

Amsa: Malama, matsalolin nan uku da kika lissafa tushensu guda ne. Taliya minti 10 zuwa 12 take buƙata a wuta, shi kuwa naman shanu da aka yanka manya irin yankan miya yakan ci awa guda ko fiye kafin ya yi laushi. In kika jira nama, taliya ta narke. In kika bi taliya, nama na nan da taurinsa. In kuma kika yi ta ƙara ruwa kina ƙara wuta don su haɗu a tsakiya, sitacin taliyar ya kwanta a gindi ya ƙone. Saboda haka aikin yana farawa tun daga teburin mahauci, kafin ki kunna wuta.

Shanunmu na kiwo ne, suna doguwar tafiya, ba a cika yanka su ba sai sun manyanta, kuma naman da aka yanka da asuba shi ake sayarwa a ranar. Irin wannan nama yana da ɗanɗano sosai amma tsokarsa na da ƙarfi. Hanya biyu ce ke sa ya nuna cikin minti goma sha biyar. Ta farko, a niƙa shi ko a daddatsa shi ƙanana. Ta biyu, a yanka shi fale-fale. In hanya ta biyu kika zaɓa, ki ce wa mahauci ya ba ki tsokar gadon baya, ya cire miki jijiya da farar fatar da ke manne a jiki, ya yanka miki irin yankan tsire. A gida sai ki dubi yadda zaren tsokar ya miƙe, ki gitta wuƙa a kansa ki yayyanka sirara. Gittawar nan ita ce ke gajarta zaren har haƙori ya iya raba shi ba wahala. Wanda aka yanka bin tsawon zare, kome sirantakarsa, sai an sha tauna. Ƙirji da ƙwauri da wuya ki bar su ga miyar ranar hutu, jijiyarsu ba ta sakewa sai da dogon dahuwa.

Ga girkin daren aiki, niƙaƙƙen nama ya fi. Rabin kilo ya ishi mutum biyar, kuma a so samu kashi ɗaya cikin biyar ya zama kitse, wato tsoka giram 400 da tozo giram 100. Tsoka zalla in an niƙa ta aka soya sai ta bushe ta yi gari-gari a baki, kitsen ne ke riƙe mata taushi. Ki wanke naman ki tsane shi sarai kafin a niƙa. Bayan an niƙa ba a sake wankewa, domin zai sha ruwa ya ƙi soyuwa, ɗanɗanonsa kuma ya bi ruwan wankin. In babu mai injin niƙa nama kusa da ke, ki yanka shi ƙanana, ki sa a firiza minti 20 ya ɗan daskare, sannan ki zuba kaɗan-kaɗan a bilenda kina kunnawa kina kashewa. In kika bar ta tana gudu, naman zai koma kamar ƙulli. Wuƙa mai kaifi da katako ma suna yi, sai dai za su ci miki minti goma.

Akwai ƙaramar dabara da ke taimaka wa naman ƙwarai. Ki narkar da bekin soda kwatan ƙaramin cokali a cikin ruwa babban cokali ɗaya, ki cuɗe rabin kilon naman da shi, ki ajiye minti 15 kina yankan albasa. Sodar tana sa tsokar ta riƙe ruwanta, ba ta matse shi a kasko, kuma ta fi saurin yin ja wajen suya. Aikin da kanwa ke yi ke nan a tukunyar iyayenmu, sai dai ƙarfin kanwa ya bambanta daga wannan zuwa waccan, auna ta da wuya. Kada ki wuce kwatan cokali, fiye da haka naman zai yi santsi da ɗanɗanon sabulu. Kuma ki lura, bekin foda ta kek daban ce, ba ta yin wannan aikin yadda ya kamata.

Sauran kayan su ne taliya leda ɗaya ta giram 500, albasa biyu matsakaita, tumatir huɗu, tattasai uku, attaruhu biyu ko uku gwargwadon bakin yaranki, tumatirin leda ɗaya na giram 70, man gyaɗa babban cokali huɗu, tafarnuwa ƙwaya huɗu, ɗanyar citta tsawon gaɓar yatsa, kori ƙaramin cokali ɗaya, masoro rabin cokali, magi uku, gishiri ƙaramin cokali ɗaya. Ganye kuma karas biyu, koren tattasai ɗaya, kabeji kwata, da lawashi in akwai. Tumatir, tattasai da attaruhu ki jajjaga su, kada ki markaɗa da ruwa. Markaɗe mai ruwa sai ya ƙafe kafin ya fara soyuwa, minti goma ke nan sun tafi a banza.

Kaskon da za ki yi aiki da shi ya zama mai faɗi, kamar santimita 28 zuwa 30, mai zurfi, mai murfi, wanda zai ɗauki lita huɗu. In kaskonki na suyar ƙwai ne marar zurfi, ki ɗauko tukunya mai faɗin gindi. Kaurin gindi ya fi kome muhimmanci a nan. Tukunyar da take shara-shara tana tara zafi wuri guda, daidai inda harshen wuta ke bugu, kuma nan ne taliya ke fara kamawa. Tukunya mai nauyi irin wadda maƙera ke zubawa tana baza zafin ko'ina.

Tun kafin ki fara suya ki ɗora ruwa lita ɗaya da kwata a buta ko a wata tukunya ya tafasa, wato ledar ruwan sha biyu da rabi. In kan wutarki ɗaya ne, ki fara tafasa shi ki juye a filas.

Ki ɗora kasko a wuta mai ƙarfi, ki zuba mai cokali biyu, ki bari ya yi zafi har ki ga ya fara sheƙi yana gudu a kaskon. Ki zuba rabin naman, ki baza shi, ki ƙyale shi minti biyu zuwa uku ba tare da kin taɓa ba. Nan ne yawanci ake kuskure. Mace na zuba rabin kilo gaba ɗaya a kaskon da bai yi zafi ba, ta hau juyawa, sai zafin kaskon ya faɗi, naman ya fitar da ruwa ya koma dahuwa a cikin ruwansa. Ya fito fari-fari, da tauri, da ƙarni. Suya ba ta farawa sai ruwan da ke jikin nama ya ƙone, kuma jan da yake yi a ƙasa shi ne ƙamshin girkin duka. Kunnenki ma zai gaya miki: in kina jin ƙarar suya mai kaifi, kina kan hanya, in kuma ƙarar tafasa ce, naman ya yi wa kaskon yawa. Idan ƙasan ya yi ja sai ki juya, ki farfasa da ludayi, ki ƙara minti biyu, ki kwashe, ki soya ragowar rabin. Sau biyun nan ba ya wuce minti goma, kuma ya fi sauri a kan jiran ruwan rabin kilo ya ƙafe. Rabin gishirin ki barbaɗa a lokacin da naman ya fara ja.

Za ki ga wani abu ruwan ƙasa ya manne a gindin kasko bayan kin kwashe naman. Kada ki wanke. In dai bai yi baƙi ba, ɗanɗano ne. Ki rage wuta zuwa matsakaiciya, ki ƙara sauran man, ki zuba albasa da ɗan gishiri, ruwan albasar zai ɗago shi. Minti uku, sai tafarnuwa da citta da kori da masoro, su kuma rabin minti kawai, don tafarnuwa na ƙonewa nan take ta yi ɗaci. Sai tumatirin leda. Ki soya shi a cikin man minti biyu kina juyawa har launinsa ya ƙara duhu, sannan ki zuba jajjagen. Ki bar shi minti shida zuwa takwas, har ruwansa ya ƙone mai ya taso sama.

Wannan matakin ba a yi masa gaggawa, saboda dalili biyu. Tumatirin da bai soyu ba yana barin tsami, kuma da zarar taliya ta shiga babu sauran damar gyara shi. Sannan tsamin yana jinkirta nunar taliya, sai ki ga wajenta ya yi laushi cikinta na nan da ƙarfi. Wasu kan sa ruwan kanwa don kashe tsami. Yana yi, amma a girkin taliya ban ba da shawararsa ba, musamman in kin riga kin sa soda a nama, domin zai dusashe jan miyar ya kuma sa taliyar saurin narkewa. Ƙarin rabin albasa da ƙarin minti biyu na suya sun fi.

Yanzu ki mayar da naman tare da ruwan da ya tsatso a kwanon, ki zuba karas, ki zuba tafasasshen ruwa lita ɗaya, ki ajiye kwatan a gefe. Ki marmasa magi biyu, ki ɗanɗana. Romon ya kasance gishirinsa ya ɗan gaza yadda kike so, saboda a wannan girkin ba a tsiyaye ruwa, duk gishirin da kika sa yana nan, ruwan kuma raguwa zai yi. Magi na uku ki riƙe shi sai ƙarshe.

Batun ruwan nan shi ne zuciyar girkin. Busasshiyar taliya giram 500 tana shan ruwa wajen mililita 600 zuwa 700 kafin ta nuna. Wani kaso yana tafiya a tururi, wani kuma ya rage ya zama miyar da ke lulluɓe ta. Shi ya sa lita ɗaya ce mafari. Wadda ta cika tukunya da ruwa da ido, kamar za ta tsane a matsami, dole ta zaɓi ɗaya: ta sauke da ruwa tsamo-tsamo, ko ta jira ya ƙafe taliyar ta caɓe. Rashin ruwa kuwa yana da magani, ƙarawa ake yi. Yawansa ne ba shi da magani.

Sai ruwan ya tafasa sosai za ki sa taliya. Ki karya ta biyu, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina giccciya ta, wannan hannu ta nan, wancan ta can, don kada ta kwanta a jere ta manne ta zama dunƙule. Ki danna ta ta nutse. Minti biyun farko ki tsaya a kanta kina ɗagawa da cokali mai yatsu, domin a lokacin ne sitacin da ke jikinta ke fita da danƙo, kuma abin da ya manne a lokacin ba ya rabuwa. Daga nan ki rufe, ki mayar da wuta matsakaiciya, ki riƙa buɗewa duk bayan minti biyu ko uku kina juyawa tun daga gindi. In da gawayi kike girki, ki janye rabin garwashin a wannan gaɓar, don gawayi ba a rage zafinsa nan take yadda ake rage na gas ko risho.

A minti na takwas ki ɗauki sili ɗaya ki ciza. In tsakiyarsa na da farin ɗigo mai ƙarfi kuma ruwa ya kusa ƙarewa, ki ƙara rabin kofi daga ruwan zafin da kika ajiye. Ruwan sanyi yana tsayar da tafasa, taliyar ta zauna tana jiƙa, shi ne ke kawo dameji a ƙarshe. Ki sa rai dahuwar za ta ɗara abin da aka rubuta a jikin leda da minti biyu ko uku, tunda a cikin miya take nuna. Kabeji da koren tattasai su shiga a minti ukun ƙarshe. Kabeji na fitar da nasa ruwan, don haka kada ki ƙara ruwa daidai lokacin da kika zuba shi.

Ki kashe wuta tun taliyar na da ɗan sauran ƙarfi kaɗan, da ruwa kamar ludayi guda a gindi. Ki ɗanɗana gishiri, ki zuba lawashi, in kina so ki sa man shanu cokali ɗaya, ki rufe ki bar ta minti biyar. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar, taliyar ta shanye sauran ruwan. Wadda aka bari a wuta har ta bushe ƙaf, kafin a kai ta faranti ta wuce nuna. Daga ɗora kasko zuwa zubawa, kimanin minti 40 zuwa 45 ne.

In naman yankan tsire ne ba niƙaƙƙe ba, canji ɗaya ne: bayan kin soya shi minti ɗaya kowane gefe, kada ki mayar da shi tare da ruwa. Ki ajiye shi a rufe sai minti biyun ƙarshe. Siririn nama in ya tafasa minti goma yana ƙanƙancewa ya yi tauri, lokacin bai isa ya sake laushi ba. Niƙaƙƙe kuwa ba ruwansa da wannan, sai dai dole ne ya nuna har ciki, babu sauran ja ko kaɗan, saboda niƙa na cuɗa ƙwayoyin cutar da ke bayan nama zuwa ko'ina a cikinsa. Mai ma'aunin zafi na girki ta tabbatar ya kai digiri 71.

Idan duk da haka kika ji ƙaurin kamu, kada ki kankare gindin. Ki sauke nan take, ki juye na saman a wata tukunya ba tare da kin taɓa na ƙasan ba, ki yayyafa ruwan zafi ki ƙarasa a ƙaramar wuta. Kankarewa ce ke baza ɗacin cikin abincin duka. In gishiri ya yi yawa, maganar jefa dankali ya tsotse shi ba ta da wani tasiri, dankalin romon yake sha yadda yake. Abin da ke aiki shi ne ƙara abin da ba shi da gishiri: ki dafa taliya hannu guda a ruwa zalla ki cuɗa, ko ki ƙara kabeji. In kuma ta riga ta caɓe, ki buɗe murfi, ki daina juyawa, ki baza ta a faffaɗan tire ta sha iska. Ba za ta dawo yadda take ba, amma za ta daina narkewa.

Makaroni yana bin wannan tsarin da lita ɗaya na ruwa ga giram 500, ya ma fi sauƙin juyawa tunda ba ya sarƙewa. Indomie kuwa minti uku ce, saboda haka sai kin gama miyar naman tsaf, karas ya nuna, sannan ta shiga, da ruwa kamar kofi ɗaya saura kwata ga kowace ƙaramar leda. Garin ɗanɗanon da ke cikinta gishiri ne mai yawa, ki sa rabi ki bar magi gaba ɗaya. Taliyar Hausa ta murji ba ta jure wannan dahuwar. Fulawarta ta fi laushi, tana sakin sitaci da yawa, in ta dahu a cikin miya sai ta dame. Ita a dafa ta daban, a tsane, a ɗauraye, sannan a juya ta cikin naman minti ɗaya kafin a sauke.

Tunda lokaci ne damuwarki, abin da zai fi rage miki aiki shi ne ki raba girkin biyu. Ranar Asabar ko Lahadi ki soya nama kilo ɗaya da rabi da jajjagensa, har zuwa inda mai ke tasowa, ki bari ya huce, ki raba uku a leda, ki danne kowace ta yi faɗi don ta yi saurin daskarewa da saurin narkewa. Daren aiki sai ki juye ɗaya a kasko, ki zuba ruwan zafi, ya tafasa, taliya ta shiga. Minti 20 kin gama. A firizar da ke daskare kullum zai kai wata biyu zuwa uku lafiya. Amma wannan ya dogara da wutar unguwarku. In ana ɗaukewa har kayan firiza su narke su sake daskarewa, kada ki tara na mako uku, ki yi na kwana biyu ko uku kawai. Ɗanyen niƙaƙƙen nama kuma ya fi yanka saurin lalacewa, kwana ɗaya zuwa biyu yake yi a firij mai sanyi, don haka ranar da aka niƙa ranar ya fi kyau a soya.

Gidan da babu firij ma akwai mafita. Ki yi miyar da taliyar ba nama, da ɗan daddawa a cikin suyar albasa don ta ba da zurfin ɗanɗano, sannan a minti ukun ƙarshe ki zuba dambun nama, ko tsiren da maigida ya biyo da shi, a yayyanka ƙanana. Tsire na zuwa da yajinsa da gishirinsa da ƙuli, sai ki rage attaruhu ki cire magi ɗaya.

Abin da ya rage bayan an ci kada ya kwana a tukunya a kicin. Cikin awa biyu ya shiga firij, a lokacin zafi irin na watan Afrilu kuwa cikin awa ɗaya, kuma a cinye shi cikin kwana uku. Wajen ɗumame ki zuba ruwa cokali uku ko huɗu a kasko, ki rufe a ƙaramar wuta har tururi ya ratsa ko'ina, ki juya sau ɗaya kawai, domin taliyar da ta kwana ta riga ta sha miyarta, yawan juyi gutsuttsura ta yake yi.